Sawun Minti na Takwas

Ranar Litinin da safe aka tarar an ɓalle kwaɗon agogon buga kati a gidan dankalin Gerald Sirois. Ɗan ƙaramin kwaɗo ne da ko kejin kaza ba zai tsare ba, amma kafin a kunna bel ɗin da ke jan dankali labarinsa ya je coci, ya biya gidan mai, ya dawo da ƙari. Garin namu ba shi da girma. In ka yi atishawa a wannan gaɓar kogin, daga wancan gaɓar za a yi maka sannu.

Gerald ya tara ma'aikatansa goma sha huɗu a gaban agogon. Tun da ya gaji gidan daga mahaifinsa ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, amma ranar ya ɗaga.

"Sama da wata guda ina biyan obataim ɗin da ban san daga inda yake tsirowa ba. Kowa da kowa, kullum! Har na fara zargin kaina da hauka. Yau kuma ga kwaɗo a ɓalle. Claudette, makullin agogon nan yana hannun wa?"

"Hannuna," in ji Claudette, shugabar masu tsince dankali a kan bel.

"To, Juma'a ce ranarki ta ƙarshe. In kuma ban ji bayani ba, 'yan sanda za su ji."

Sai an san halin agogon nan za a gane zafin Gerald. Agogon yana buga minti a kan kati, amma lissafin albashi kwatar awa kawai ya sani. Ana kashe bel ƙarfe uku da rabi, sannan a yi shara, a wanke hannu, a je a buga kati. Wanda ya buga cikin minti bakwai na farko, sai a mayar da shi uku da rabi cif, sharar ta zama sadaka. Wanda ya kai minti na takwas, sai a tura shi gaba a ba shi kwata guda. Tun da awa arba'in ɗin mako ta riga ta cika, kwatar nan obataim ce, kuɗin awa da rabinsa. Mutanenmu na cewa bakwai na mai gida ne, na takwas naka ne. Gerald kuwa ya auna sharar nan tsaf, shekara da shekaru ba mai kaiwa na takwas. Ban ce wanda ya ƙirƙiro wannan lissafi ɓarawo ba ne, amma ya yi maƙwabtaka da ɓarayi.

Claudette tana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, Rosaire Daigle. A lokacin kaka shi ne mai bin sawu. Mafarauta daga kudu su harbi barewa su kasa kashe ta, sai su biya shi ya bi musu ita cikin daji. Da sanyi kuma shi ke tuƙa motar ɗaga kaya a gidan dankalin. Gwiwarsa ta dama ta lalace tun wata faɗuwa da ya yi a rami, amma yana taka ta tsaf a gaban mutane yana cije baki, don ba mai ba gurgu kuɗi ya bi masa barewa. Shi ya bi Gerald ofis.

"Haba Gerald, Claudette fa? Kuɗin baiko na coci ita ke ƙirgawa."

"Shi ya sa na ba ta makulli."

"Ba ni zuwa Juma'a."

"Ka yi me? Wannan ba barewa ba ce, Rosaire, minti ne." Gerald ya yi 'yar dariya mara daɗi. "To, je ka. Bi mini sawun minti. In ka kama shi, ka kawo mini da rai."

*

Lokacin cin abinci Rosaire ya samu ƙanwarsa a ɗakin shan kofi, ta zauna ta tasa kwanonta a gaba ba ta taɓa ba.

"Ina makullin?"

Ta nuna masa da haɓa. Yana rataye a ƙusa kusa da tukunyar kofi, inda ko kyanwa za ta iya ɗauka.

"Tun yaushe yake nan?"

"Tun ranar da aka ba ni. Wa zai saci makullin agogo, don Allah?"

"Kin taɓa buɗe shi?"

"Rosaire!"

"Tambaya ce."

"Tambayar banza ce." Idonta ya ciko. "Ka san abin da ya fi ci mini rai? Godiya suke yi mini. Duk wanda ya wuce sai ya dafa kafaɗata. Matar Omer makaniki har kek ta aiko mini. Sun ga albashinsu ya ɗan yi ƙiba, kowa ya yi gum, sun ɗauka ni ce nake tura agogon gaba. Na ce ba ni ba ce, sai su ƙifta mini ido su ce, ai mun sani."

Rosaire ya ji tausayinta har cikin ransa. Kora daga aiki wata aba ce, amma a ce mai ƙirga kuɗin coci ta yi ha'inci, wannan a garin nan har jikokinta sai sun ji.

Ya ɗauko rediyon motarsa ya gwada agogon da lokacin labarai. Daidai. Ya sake gwadawa da rana. Daidai. Da aka tashi, shi ne kullum na ƙarshe a layi, don sai ya ajiye motar ɗaga kaya ya jona ta a wuta kafin ya bi dogon lungun da ya haɗa wurin aiki da ɗakin agogo. Ya iso, ya buga katinsa, ya duba na gabansa. Duk sun haura bakwai. Ya sake gwada agogon da rediyo, ko daƙiƙa bai ƙara ba. Ya tsaya yana sosa ƙeya, hularsa a hannu.

*

Talata ya dawo ga abin da ya iya. Ya durƙusa a gindin agogon, gwiwar tana yi masa kuka, ya ƙura wa ƙasa ido. Ƙasar dankali ba ta barin gidan nan ko an share, tana kwanciya a gefen bango kamar gari. Ya ga shaidar ƙafafun ƙaramin tsani, ɗaya ƙafar an naɗe ta da tsumma. Tsani ɗaya ne mai tsumma a gidan, na Omer makaniki.

Ya samu Omer a ƙarƙashin bel, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Omer, fito."

"Ina aiki."

"Tsaninka ya je wajen agogo."

Can sai ga Omer ya mirgino, fuska duk baƙin mai. "Wa ya gaya maka?"

"Tsanin."

"To, wallahi ba abin da kake zato ba ne. Ranar Asabar na zo na ga tawadar agogon ta dusashe. Na ɗauko makulli, sanyi ya sa kwaɗon ya ƙi juyawa, sai na ɗan taɓa shi da guduma."

"Ka ɗan taɓa shi?"

"Kaɗan. Shi ne ya yi fushi." Omer ya goge hannu a wando. "Da safe na so in faɗa, sai na ji Gerald na maganar 'yan sanda, bakina ya mutu. Kai da kanka ka san matata."

"Ka taɓa hannun agogon?"

"Me zai kai ni? Ai wannan aikin Claudette ne, Allah ya saka mata."

"Ba ita ba ce!"

"Ai na sani," in ji Omer, ya ƙifta masa ido.

Rosaire ya tafi yana jin kamar ya shaƙe shi. An gano mai ɓalle kwaɗo, amma ranar Asabar ya ɓalle, obataim kuwa ya fi wata yana tsirowa. Maimakon ya samu bakin zare, sai ya ga zaren ya zama biyu.

*

Akwai wani sawun kuma a gindin agogon, ƙaramin takalmi mai zanen tauraro a tafinsa. Mai shi takan tsaya wuri ɗaya ta daɗe tana sauya ƙafa, kuma ba sau ɗaya ba. Desiree ce, ɗaya daga cikin masu tsince dankali, wadda ta dawo gida bara bayan ta yi aikin otal a birni, bakinta kuma bai iya ajiye magana ba. Ta sha faɗa a gaban kowa cewa bakwai ɗin nan cin zali ne. Biri ya yi kama da mutum.

Laraba da rana ya laɓe bayan buhuna. Sai ga ta, ta duba hagu da dama, ta manne da bangon agogon, ta zura hannu a aljihu. Ta zaro waya, ta ɗaga ta sama kamar mai neman tsuntsu.

"Me kike yi a nan?"

Ta zabura. "Kai, Kawu Rosaire, za ka kashe ni! Sabis nake nema. Duk ginin nan, nan kawai waya ke shiga."

"Kullum?"

"Kullum mana. Ina da saurayi, ba kamar wasu ba."

"Ke kika fi kowa ƙorafin agogon nan."

"Kuma ban daina ba. Ka yi shara, ka wanke hannu, a ce ba ka yi aiki ba? In da adalci, da wata rana shi ya ci, wata rana mu mu ci. Amma kullum shi. Da na iya tura agogon, wallahi da rabin awa zan tura, ba 'yan mintoci ba." Ta kalle shi. "Ba Claudette ba ce da gaske?"

"Da gaske."

"To wa?"

"Ni ma ke nake tambaya."

"Ikon Allah. Ni fa na ɗauka Omer ne yake taya ta."

Haka ya yi ta yawo a tsakaninsu. Kowa na zargin wani, kowa kuma na yi wa wanda yake zargi addu'a. Ya koma ya gwada ƙararrawar tashi, ko ita ce ke makara. Daidai take. Ya ƙirga tsintsiya, ko an rage. Suna nan. Har ya fara tunanin ko Gerald ne da kansa ya ƙulla abin don ya rabu da Claudette, sai ya tuna Gerald ba zai ɓatar da ko dala guda don ya kori mala'ika ba. Ranar ya koma gida bai san gabas ba bai san yamma ba, gwiwa ta kumbura, Juma'a kuma tana matsowa.

*

Alhamis da rana ƙanƙara ta zuba sabuwa, lallausa, irin wadda mai bin sawu ke roƙo. Bayan an tashi, ya ga filas ɗin shayi a kan benci, mai jan murfi. Na Matante Yvette ne.

Matante, wato goggo, haka kowa ke kiranta, har Gerald, amma ga Rosaire da Claudette goggon gaske ce, ƙanwar ubansu, ita ta riƙe su da uwarsu ta rasu. Ta haura saba'in, tana kan bel tun zamanin kakan Gerald. Kwanakin baya ƙugunta ya kama, ta fara dogara sanda. Motarta takan ajiye ta bayan gini wajen tsohon sikeli, don ta ce ba ta son a yi mata kallon tausayi tana shiga.

Ya ɗauki filas ɗin ya fita. Bai bi ta don bincike ba, idonsa ne dai ba ya iya ganin ƙasa ya ƙyale. Ga sawunta nan gefen bango, ƙafar hagu tana ja, tana barin dogon layi, ga ramin sanda a gefe. Allah sarki Matante, ya ce a ransa. Sai ya rage tafiya. Ramin sandar bai nutse ba. Wanda ya ɗora nauyinsa a kan sanda sai ta huda ƙanƙara har ƙasa, wannan kuwa taɓawa kawai take yi. Ƙafar da ake ja kuma ta nutse daidai da 'yar'uwarta. Barewar da aka harba ba ta taka ƙafar ciwo haka.

Ya sha kwanar ginin. A nan gurguntar ta ƙare. Layin ja ya ɓace, ramin sanda ya ɓace, sai sawu biyu a jere, taku mai faɗi na mai sauri. Gaba kaɗan akwai tudun ƙanƙara da motar share hanya ta tara. Ba ta zagaye shi ba, tsallake shi ta yi.

Rosaire ya tsaya da filas a hannu, baki a sake. Sai ga abin ya faɗo masa gaba ɗaya. A gidan dankalin nan babba ne ke fara buga kati. Al'ada ce tun lokacin da ake biyan mutane a bakin gona, ba mai miƙa hannu kafin wanda ya girmi kowa. Ba wanda ya taɓa rubuta ta, ba kuma wanda ya taɓa karya ta. In an gama shara, Matante ce ke shiga gaba a dogon lungun nan, kowa na biye da ita. Da tana tafiya kamar iska. Yanzu tana jan ƙafa, mutum goma sha biyu na ja da ita suna yi mata sannu. Shi kuwa da yake zuwa ƙarshe, bai taɓa ganin tafiyar ba, layi kawai yake tararwa.

*

Ya same ta a kicin tana soya fanken nan namu da ake cewa ployes, romon kaza na tafasa a gefe, sandar a jingine bayan ƙofa tare da tsintsiya. Ya ajiye filas ɗin a tebur.

"Kin manta wannan."

"Zauna ka ci."

"Matante, yaya ƙugun?"

"Da sauƙi."

"Ai na gani. Daga kwanar gini yake samun sauƙi."

Ta juya fanken, ba ta waiwayo ba. "Ƙanƙarar nan ce ko? Na ce yau sai ta tona ni. Wa ya koya maka duba ramin sanda?"

"Ke. Ke kika nuna mini makwarwa tana jan fiffike don dila ya bi ta ya bar 'ya'yan."

"To, ka ga amfanin koya wa yaro abu." Ta zuba masa romo. "Ni agogo na ɗauka Gerald zai zarga. Na ce ya yi ta kiran masu gyara har ya gaji. Ina na san wawan nan Omer zai je da guduma?"

"Claudette za a kora gobe. Da sunan ɓarauniya."

"Na sani. Kwana uku ban yi barci ba."

"Me ya kai ki, don Allah?"

Ta zauna a gabansa, ta ɗora hannuwanta a tebur, yatsun duk sun kanannaɗe da tsintar dankali. "Uban Gerald yakan kashe bel da wuri a yi shara cikin lokacinsa. Ɗan ya zo da lissafi. Na yi shiru, ina ganin ai minti bakwai ne. Rannan na dawo daga jana'izar wadda muka fara aiki rana ɗaya da ita, washegari ina riƙe da tsintsiya, sai na ce, Yvette, a shekarunki minti bakwai ba abin kyauta ba ne. Ban taɓa masa agogo ba. Tafiya na yi a hankali. Akwai dokar da ta hana tsohuwa tafiya a hankali?"

"Babu. Amma ƙarya kika yi."

"Na yi. Zan gaya wa Fada a coci."

"Ni me zan gaya wa Gerald?"

"Kai ne mai bin sawu. Ci abincinka kafin ya huce."

Ya ci, amma bai ji ɗanɗanonsa ba. Gaba kura, baya sayaki. In ya yi shiru, ƙanwarsa ta tafi da baƙin suna. In ya faɗa, ya miƙa matar da ta yi masa uwa.

*

Juma'a, saura kaɗan a tashi, Rosaire ya sa Gerald ya kashe bel ya tara kowa a bakin lungu. Omer ya amsa laifin kwaɗo kansa a sunkuye. Desiree ta ɗaga wayarta, aka yi dariya. Rosaire ya kunna rediyo a gaban agogon, suka zo daidai.

"To, na ji," in ji Gerald. "Kwaɗo na Omer ne, agogo lafiyarsa ƙalau. Ina mintin nawa?"

"Ba ka taɓa tsayawa ka ga tashinmu ba. Yau ka tsaya."

Ƙararrawa ta buga. Aka yi shara, aka wanke hannu, aka taru a bakin lungu. Matante ta shiga gaba da sandarta, ƙwas, ja, ƙwas, ja, jama'a na biye. Gerald na tafe a gefe yana kallon agogon hannunsa, yana kallonta. Kafin a kai tsakiyar lungun fuskarsa ta canja. Masu biye ma suka fara kallon juna. Omer ya ce, "Kai! Ashe...", matar da ke kusa da shi ta taka masa ƙafa.

"Tsaya," in ji Gerald. "Ke nan ƙugun Matante nake biya."

"Ba wanda ya taɓa maka komai," in ji Rosaire. "Claudette ba ta da hannu."

"Na gani. Claudette, ki yi haƙuri." Ya faɗa kamar ana cire masa haƙori. Sannan ya juya. "Matante, in ƙafar ta kai haka, ba zan iya barinki kusa da bel ba. Ki faɗi, a ce ni na kashe ki. Sai dai ki huta a gida." Ya ƙanƙance ido. "Rosaire, kai ka san tafiyar mai ciwo. Ciwon nan na gaske ne?"

Rosaire ya kalli ƙanwarsa, ya kalli goggonsa. In ya ce na gaske ne, an sallame ta don gurgunta. In ya ce na ƙarya ne, an sallame ta don ha'inci. Ya yi ta neman amsa ta uku a ƙasa, inda ya saba samun amsa, bai ga komai ba sai takalman mutane.

"Ƙyale yaron nan, Gerald," in ji Matante. Yaron da ta ce ya haura sittin. Ta miƙa wa Rosaire sandar. "Riƙe mini."

Ta miƙe tsaye sak, ta gyara hularta, ta taka sauran lungun da sauri kamar mai gudun kada a rufe coci. Ta zaro katinta ta buga, ta ɗaga shi ta duba.

"Bakwai," ta ce. "Wannan naka ne, riƙe. Ka yi ta cewa za ka kira 'yan sanda, ga sandar can, sai ka nemo 'ya'yan."

Wani ya tuntsire da dariya, ya haɗiye ta da sauri. Gerald ya yi ja har kunne. Ita ta yi masa goyo yana jariri, kowa ya sani, shi ma ya sani.

"Matante, kada ki zo Litinin."

"Da ma ba zan zo ba. Ina da mintocin da zan ci."

Ta fita ba ta waiwaya ba. Claudette ta bi ta da gudu tana kuka, ba a san na daɗi ne ko na baƙin ciki ba, ita ma ƙila ba ta sani ba. Rosaire ya tsaya da sanda a hannu. Ya kamo mintin da rai kamar yadda aka ce, kuma bai taɓa kamun da ya yi masa ɗaci irin wannan ba.

*

Litinin bel ya yi ta gudu, wurin Matante a kansa babu kowa. Ba a yi hira sosai ba. Uku da rabi ƙararrawa ta buga, aka yi shara da sauri, don Gerald ya fito ya tsaya a ƙofar ɗakin agogo, hannu a harɗe.

Rosaire ya ajiye motar ɗaga kaya, ya jona ta a wuta, ya nufi lungu yana cije baki kamar kullum. Ya zata zai tarar an gama. Sai ya gan su duka a bakin lungun, sun rabu biyu, sun bar hanya a tsakiya.

"Me kuke jira?"

"Kai," in ji Claudette.

"Ni kuma?"

"Wa ya girme ka a nan yanzu?"

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda ya fi shi furfura. Babu. Desiree tana danne dariya. Omer ya ɗauko sandar Matante daga inda aka jingine ta tun Juma'a, ya miƙo masa.

Rosaire ya girgiza kai. "Ajiye ta. Ba na bukata."

Ya dubi lungun, ya ga tsawonsa kamar yau ya fara ganinsa. Shekara nawa yana tilasta wa gwiwar nan ta yi ƙarya, ta taka kamar lafiyayya, don kada a ce Rosaire ya tsufa. Ya saki baki daga cizon da ya saba. Ya ɗora ƙafar dama, ya bar ta ta yi abin da take so tun tuni. Ta lanƙwashe, ya jinkirta, ya jawo ta. Ya sake. Bayansa ya ji takalma goma sha biyu sun ɗauki takunsa.

Daga can ƙarshen lungu Gerald ya ɗaga murya. "Rosaire! Kai ma? Ita ma wannan ta ƙarya ce?"

Rosaire bai ƙara sauri ba. Ya nuna masa ƙasa da yatsa, inda ƙafar dama ke barin sawu mara zurfi.

"Ga sawun nan," ya ce. "Zo ka bi."